Zebra FX9600 a ƙofar sito: kunnenta da kaifi, aikin yana wajen hana ta jin abin da bai shafe ta ba

Kiret arba'in na sassan birki sun bar sito da safe. Takardar mai kula da sito ta ce sun isa layin haɗa kaya, shugaban layi kuma ya rantse talatin da takwas ya karɓa. Biyun nan ba sace su aka yi ba. Suna can wani lungu, bayan injin matsa ƙarfe ko ƙarƙashin wani falet da aka sauke da gaggawa, kuma ba wanda zai tuna da su sai layi ya tsaya cak, a tashi mutum uku su bazama nema. Domin maganin wannan ciwon ne masana'antu ke sayen RFID, wato fasahar gane kaya ta igiyar rediyo: a maƙala wa kowane kiret ko sashe ɗan tambari mai lamba, a kafa na'urar karantawa a bakin ƙofa, duk abin da ya wuce ta rubuta shi ba tare da wani ya ɗaga hannu ba.

FX9600 tana cikin na'urorin da aka fi cin karo da su a irin wannan aiki. Kamfanin Zebra na jihar Ilinoi ta Amurka ne ke ƙera ta, kuma tana da asali: Zebra ta sayi sashen kayan kamfanoni na Motorola a 2014, ita Motorola ta sayi Symbol a 2007, Symbol kuma ta haɗiye Matrics, ɗaya daga cikin magabatan wannan fanni, a 2004. Tana karanta tamburan da ba su da batir, masu bin ƙa'idar Gen2 wadda aka amince da ita a ƙarshen 2004, take kuma cikin ma'aunin ISO 18000-63 a yau. Tambarin ba shi da wutar kansa. Daga igiyar da eriya ta watso yake tsotsar ɗan abin da zai farka da shi, sannan ya mayar da amsa ta hanyar sauya yadda igiyar ke dawowa daga jikinsa. A riƙe wannan da kyau, domin kusan duk matsalar da za ta biyo baya daga nan take fitowa.

A hannu, akwati ne na alminiyam, tsawonsa kamar santimita 27, faɗinsa 18, kaurinsa 5, nauyinsa ya ɗan haura kilo biyu. Ana samun mai kafar eriya huɗu da mai takwas. Akwai kafar wayar intanet ta cikin gida, kafofin USB, kafar wuta ta bolt 24, da jerin ramukan ɗaura ƙananan wayoyi, huɗu na shiga huɗu na fita, inda ake jona firikwensin da fitilun gargaɗi. Fitilu huɗu ne a fuskarta: na wuta, na aiki, na lafiyar na'ura da na manhaja. Ƙirar ba ta da kwalliya, amma kana ɗauka za ka ji ba ta leda ba ce. Abin da zai fara ba sabon shiga haushi shi ne bakin kafofin eriya. Nau'in RP-TNC ne, wanda aka juya tsinkensa, don haka kan waya na TNC da aka saba da shi ba zai dace da shi ba, ko da zaren ya yi kamar zai kama. Mutum zai iya shafe yini yana zargin eriya alhali kan wayar ne bai dace ba.

A ganina wannan na'ura ta cancanci kuɗinta a bakin ƙofa, wato tsakanin sito da layi, tsakanin wani sashen masana'anta da wani, ko wurin lodin manyan motoci. A kan teburin aiki ɗaya, inda ake son sanin wane sashe ne a gaban inji a wannan daƙiƙar, ba ita ce ta dace ba, kuma mai sayarwar da ya ce maka ta dace bai kyauta maka ba.

Ƙarfinta yana kaiwa dBm 33, wato wat biyu, amma da sharaɗi. Sai an ba ta wuta ta adaftar bolt 24, ko ta wayar intanet daga suwic (akwatin da wayoyin intanet ke haɗuwa) mai PoE+, wato tsarin tura wuta ta cikin wayar intanet, wanda ke iya ba na'ura wat 25.5. Idan suwic ɗin tsohon yayi ne mai PoE zalla, wanda bai kai wa na'ura wat 13 cikakku, ƙarfin zai tsaya a 31.5. Mutane da yawa ba sa lura da wannan sai sun ga nisan karatu bai kai yadda suka gani a wajen gwaji ba. Wayar intanet kuma kada ta wuce mita 100 daga suwic. Kunnenta na jin amsar tambari har zuwa dBm 86 ƙasa da sifili, wato amsa mai rauni sosai, wanda yake da kyau ƙwarai ga na'urar zamaninta.

Sai dai ba duk wannan ƙarfi ne ke isa eriya ba. Wayar eriya tana ci. LMR-240, wadda aka fi amfani da ita saboda tana lanƙwasuwa, tana zubar da kusan desibel biyu da rabi a kowace mita goma a zangon igiyar da na'urar ke aiki, kuma desibel uku rabin wuta ke nan. Ma'ana ka ja waya mita goma sha biyu, rabin abin da ka biya ya tafi a hanya, haka kuma amsar tambarin za ta sake yin asara a kan hanyar dawowa. LMR-400 tana zubar da rabin haka, amma kauri gare ta kamar yatsa, ba ta son kwana mai tsanani. Dabarar da ta fi ita ce a kawo na'urar kusa da ƙofa, a bar wayar intanet ta yi doguwar tafiyar, wayoyin eriya su tsaya a mita uku zuwa shida. Kada a ɗaure su da igiyar roba har su matse, kada a bi da su ta kwata ɗaya da wayar injin walda.

Akwai kuma iyakar doka. A Turai ana aiki tsakanin megahaz 865 da 868, a kan tashoshi huɗu masu ƙarfi: 865.7, 866.3, 866.9 da 867.5, iyakar abin da zai fita daga eriya kuma wat biyu ne a ma'aunin ERP, wanda ya yi daidai da dBm 35 da ɗan ɗoriya a ma'aunin EIRP, wato ƙarfin na'ura a haɗa da ƙarin da eriya ke yi, a cire abin da waya ta ci. Idan eriyarka AN480 ce ta Zebra, mai ƙarin desibel shida, wayarka kuma ta ci biyu da rabi, to na'urar ba za ta wuce 31.5 ba. A Amurka zangon daban ne, 902 zuwa 928, na'ura tana tsalle tsakanin tashoshi hamsin. Wannan bambanci ya shafi duk mai shigo da kaya Najeriya ko Nijar kai tsaye. FX9600 tana da samfurin da aka kulle wa zangon Amurka kaɗai, kuma ana samunsa a kasuwar kwance ta intanet, da araha mai jan hankali. A nan yankin kuwa wayoyin GSM suna aika wa turakun sadarwa saƙo tsakanin 890 da 915. Wanda ya kunna samfurin Amurka ya shiga gonar kamfanonin waya, zai dame su, su ma su dame shi. A duba lambar samfurin kafin a biya kuɗi, a kuma tabbatar da izinin hukumar NCC a Najeriya ko ARCEP a Nijar. Tamburan ƙarfe ma haka suke, yawancinsu an daidaita su ne ga zango ɗaya, na Turai ko na Amurka. Ka haɗa tambarin can da na'urar nan, nisan karatu ya rushe.

Batun kafofi takwas yana buƙatar a yi masa bayani, domin a nan ake yawan ruɗar mai saye. Kafa takwas ba rediyo takwas ba ne. Rediyo ɗaya ne a ciki, yana zagaya kafofin bi da bi. Motar ɗaga kaya da ke tafiyar mita biyu a daƙiƙa za ta ratsa filin karatu mai faɗin mita uku cikin daƙiƙa ɗaya da rabi. Idan an saita kowace eriya ta yi aiki na kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, zagaye ɗaya na eriya takwas zai ci daƙiƙa 1.6. Tambarin da eriya ɗaya ce kawai ke iya ganinsa, saboda wani kiret ya tare shi ta sauran ɓangarorin, zai iya wucewa kafin layi ya zo kan wannan eriyar. Shi ya sa raba na'ura ɗaya mai kafa takwas ga ƙofofi biyu masu yawan zirga-zirga tsimi ne da ke komawa asara. Kafa takwas tana da amfani a ƙofa ɗaya mai faɗi ko tsayi, ko a jerin kantocin ajiya inda kaya ke zaune ba sa gudu. Kafar da ba a jona mata eriya ba a kashe ta a cikin saiti.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wanda bai taɓa kafa irin wannan tsari ba yana tsoron kada na'ura ta kasa karantawa. Wanda ya kafa ya san abin da ya fi cin rai shi ne ta karanta abin da ba a tambaye ta ba. Masana'anta gida ne na ƙarfe: rufin kwano, ginshiƙai, kantoci, jikin injuna, ita kanta motar ɗaga kaya. Igiyar rediyo tana dukan ƙarfe ta dawo kamar amsa-kuwwa a cikin kogo. Ka kunna FX9600 da cikakken ƙarfi a bakin sito, ka buɗe allon kwamfuta, za ka ga lambobi suna zubowa alhali babu abin da ya wuce: kiret ɗin da aka jingine mita takwas daga ƙofa, kwandon da ke bayan bangon kwano, har da tambarin da wani ya ɓalle ya jefa a kwandon shara. Da motar ɗaga kaya ta gifta da faffaɗan jikinta, sai ta zama madubi na ɗan lokaci, ta harba igiyar zuwa wani kanta can gefe, tamburan da suka kwana shiru su farka su amsa. Manhaja kuwa ba ta san komai ba, sai ta rubuta cewa kiret goma sha biyu sun fita daga sito. Suna nan ba su motsa ba. Yanzu an samu lissafi mai ƙarya wanda kowa ya yarda da shi saboda kwamfuta ce ta faɗa, kuma wannan ya fi takardar da ake shakka a kanta illa.

Amsa-kuwwar nan tana da wata fuskar. Tsawon igiya ɗaya a megahaz 866 kamar santimita 35 ne. Inda igiyar da ta fito daga eriya ta haɗu da wadda ta dawo daga ƙarfe, wani wuri suna ƙara wa juna ƙarfi, wani wuri suna kashe juna, kuma waɗannan makafin wurare suna maimaituwa kusan kowace santimita 17. Tambari zai iya zama mita ɗaya da rabi a gaban eriya bai amsa ba, ka matsar da shi tafin hannu ɗaya ya amsa. Kayan da ke tafiya suna ratsa makafin wuraren su fita, don haka ba su cika samun matsala ba. Kayan da ke zaune a kanta su ne abin ji, musamman a zangon Turai mai tashoshi huɗu kusa da juna, inda sauya tasha ba ya matsar da makahon wuri sosai. Maganinsa eriya biyu su kalli wuri ɗaya ta kusurwa daban-daban.

Abin da ya sa nake yaba wa FX9600 shi ne ta ba da kayan aikin da za a horar da ita. Na farko, kowace kafa ana saita mata ƙarfinta daban, tun daga sifili har 33. A yawancin ƙofofi masu faɗin mita uku zuwa huɗu, abin da ake buƙata yana ƙasa da cikakken ƙarfi nesa ba kusa ba. A fara daga ƙasa, a riƙa ƙarawa desibel ɗaya-ɗaya har a karanta duk kiret ɗin da ke kan falet, a ƙara biyu ko uku na ko-ta-kwana, a tsaya nan. Na biyu, ramukan shiga huɗun nan. A kafa idon lantarki a kowane gefen ƙofa, ɗaya ciki ɗaya waje, a jona su. Na'urar ta zauna shiru har sai an katse hasken ido, ta yi karatu na daƙiƙa biyu ko uku, ta koma shiru. Wanda aka fara katsewa cikin idanun biyu shi ke nuna ko shiga aka yi ko fita, abin da rediyo kaɗai ba ya faɗa da tabbaci. Ramukan fita kuma a ɗora musu fitila mai kore da ja da ƙaho, direba ya san nan take ko an karanta kayansa. Waɗannan ramuka an raba su da cikin na'urar ta hanyar haske, don haka tartsatsin wuta daga waje ba ya saurin kai wa ƙwaƙwalwarta. Na uku, kowane karatu yana zuwa da ma'aunin ƙarfin amsa. Kiret ɗin da ya ratsa ƙofa amsarsa tana tashi, ta kai ƙololuwa, ta sauka. Wanda ke jingine a gefe amsarsa a kwance take, mai rauni, ba ta sauyawa. Manhaja mai kyau da wannan siffar take rarrabe su, ba da ganin lamba kawai ba.

Sauran maganin ba na lantarki ba ne. A ja jan layi a ƙasa mita huɗu ko biyar daga ƙofa, a hana ajiye kaya masu tambari a cikinsa. A karkata eriya ta kalli ƙasa kaɗan maimakon ta kalli cikin sito. Inda ƙofofi biyu ke maƙwabtaka a kafa ragar ƙarfe a tsakaninsu.

Akwai wani saiti da ake yawan bari yadda ya zo, kuma bai kamata ba. Ƙa'idar Gen2 ta ba tambari hanyoyi huɗu na tuna cewa an riga an ƙirga shi, daga S0 zuwa S3. A S0 yana mantawa da zarar wuta ta ɗauke masa, don haka tamburan kusa da eriya za su yi ta amsawa suna cika iska, na tsakiyar falet masu raunin murya su rasa sarari. A S1 wanda aka karanta yana yin shiru tsakanin rabin daƙiƙa da daƙiƙa biyar, na lungu su samu damar magana. S2 da S3 suna riƙe shirun muddin tambari yana samun wuta, da aƙalla daƙiƙa biyu bayan ta ɗauke, a aikace ma yakan fi haka nesa. Ga ƙofa mai falet cike da kiret, S1 ce ta fi dacewa a fara da ita. Idan na'urori biyu suna kusa, ɗaya a ƙofar sito ɗaya a bakin layi, aka sa su duka a S2, ta farko za ta rufe wa tambura baki, ta biyu ta ji shiru, a yi ta zargin eriya. A ba kowace nata.

Duk kyan na'ura, tambari ne ke yanke hukunci. Farar takardar RFID mai araha da ake liƙa wa kwali, ka manna ta a jikin ƙarfe, ta mutu murus, domin ƙarfen yana kashe filin lantarkin da ƴar eriyarta ke rayuwa da shi. Sassan ƙarfe suna buƙatar tambarin da aka ƙera domin ƙarfe, mai ɗan kauri a tsakani, irin Ironside da kamfanin Confidex na ƙasar Finlan ya ƙirƙira, ko na Xerafy, ko na Omni-ID. Akwai kuma na liƙawa masu laushi irin Silverline, waɗanda ake bugawa da firinta ta musamman kamar samfurin ZT411 da aka yi domin su. Irin waɗannan ƙarfen da ke bayansu yana taimaka musu ne, har wasu ba sa kai nisansu idan an ɗora su a kan roba ko katako. Wurin maƙalawa ma yana da tasiri: a fili mai shafe, ba cikin rami ko tsakanin haƙarƙarin ƙarfe biyu ba, kuma ta gefen da zai kalli eriya idan an jera kaya. Gam ba ya kama jikin da ke da giris ko man sanyaya inji. A goge da sinadarin goge maiƙo, a bari ya bushe, a danna da ƙarfi, a ba shi yini kafin a kai shi wanki. Abin da zai shiga injin wanki ko ya sha jijjiga, a ɗaure shi da ribit ko noti. Sashen da zai shiga tandar gasa fenti, inda zafi ke kaiwa digiri 180 zuwa 200, yana buƙatar tambarin zafi na musamman, kuma a tambayi mai sayarwa sau nawa zai jure shiga da fita, ba digiri nawa kawai ba. Ruwa shi kuma shanye igiyar yake yi, haka ma jikin mutum. Ma'aikacin da ya rungumo kwando ya rufe tambarin da ƙirjinsa ya wuce ba a gan shi ba.

Don haka shawarar da ta fi kowace sauƙin kuɗi ita ce a bi mazubi, ba abin da ke ciki ba. Kusoshi ɗari biyar a cikin kiret ba sa buƙatar tambari ɗari biyar, kuma ko an saka musu ba za su karantu ba, ƙarfe ya danne ƙarfe. A sa wa kiret ɗin roba tambari biyu, ɗaya a kowane gefe mai kallon waje, a haɗa lambarsa da abin da aka zuba masa a cikin rumbun bayanai. Tambarin sashe ɗaya-ɗaya a bar shi ga abu mai tsada ko wanda dole a san tarihinsa: akwatin giya, gangar inji, ƙirar da ake zuba roba a ciki. Masu ƙera motoci na Jamus sun raba abin haka a shawarwarin ƙungiyarsu ta VDA, lamba 5501 ta mazubai, 5510 ta sassa. A harkar jiragen sama kuwa babi na 9 na ATA Spec 2000 ne ke tsara abin da ake rubutawa a tambarin sashe, kuma Airbus ta yi amfani da shi a kan A350.

Wajen lambobi akwai tarko guda da ke kama kusan kowa sau ɗaya. Tambura da yawa suna fitowa daga kamfani da lambar EPC iri ɗaya, wato lambar da tambari ke amsawa da ita. Ka zuba hamsin a gaban eriya, allo ya nuna ɗaya, ka ɗauka na'ura ta lalace. Dole a rubuta wa kowane tasa lambar kafin a maƙala, a kuma kulle ta da kalmar sirri don kada wata na'urar hannu ta goge ta bisa kuskure. Tsarin GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin kaya a duniya, ya tanadi GRAI ga mazuban da ke zuwa suna dawowa, da SGTIN ga kaya ɗaya-ɗaya, kuma bin sa ya fi ƙirƙiro naka, musamman idan kiret ɗin zai je wajen wani kamfani. Kowane tambari yana da wata lambar ta daban, TID, wadda aka ƙone a cikin ƙwayarsa tun daga masana'anta ba ta sauyuwa. A adana ta tare da EPC. Ban goyi bayan a riƙa rubuta bayanan aiki a cikin tambari yana tafiya ta ƙofa ba. Rubutu ya fi karatu cin wuta: ƙwayar UCODE 8 ta NXP tana farkawa ta amsa a dBm 23 ƙasa da sifili, amma sai ta samu 18 ƙasa da sifili, wato ƙarin desibel biyar, kafin ta karɓi rubutu, wanda ke rage nisa kusan rabi. Rubutun da ya katse a tsakiya kuma ya fi rashinsa muni.

Ta fuskar manhaja, na'urar tana tafiya ne a kan Linux, tana da shafin saiti da ake buɗewa ta burauza, kuma Zebra tana ba da 123RFID Desktop kyauta, wadda ta isa a yi gwaji da daidaita eriya. Kalmar sirrin da take zuwa da ita a rubuce take a littafinta, kowa ya sani, a sauya ta ranar farko. Tana jin LLRP, yaren da yawancin manhajojin RFID ke amfani da shi ta kafa 5084, amma kwamfuta ɗaya take saurara a lokaci ɗaya. Idan injiniya ya bar manhajar gwaji a buɗe a kwamfutarsa, babbar manhajar kamfani ba za ta samu shiga ba. Sabbin manhajojin cikinta suna iya tura bayanai kai tsaye ta MQTT ko HTTP, ana kuma ɗora mata ƙarin manhaja don ta yi magana da kwamfutocin sarrafa inji ta EtherNet/IP, PROFINET ko Modbus. Yana aiki, amma ana jin cewa ɗora shi aka yi daga baya. Wanda layinsa gaba ɗaya na Siemens ne zai fi samun sauƙi da RF680R ko RF685R, waɗanda aka haifa da wannan yaren. A haɗa agogonta da agogon cibiyar kamfani, in ba haka ba za a ga kiret ya isa layi kafin ya bar sito. Kuma a sa suwic ɗin da ke ba ta wuta a kan batirin ko-ta-kwana, domin bayan ɗaukewar wuta tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi, duk abin da ya wuce a wannan tsakanin ya wuce ke nan.

Babban abin da nake ƙorafi a kai shi ne kariyar jikinta. IP53 ce. Biyar ɗin tana nufin ƙura tana iya shiga kaɗan, ukun kuma yayyafi ne daga sama, ba feshin tiyo ba. Ga na'urar da ake tallatawa da sunan ta masana'anta, wannan ya yi kaɗan. A ɗakin niƙa ƙarfe, inda ƙurar kanta ƙarfe ce, ko wurin da ake wanke daɓe da tiyo kullum, ko ƙofar da ke buɗe ga ƙurar hunturu, sai an saka ta cikin akwatin kariya. Akwatin kuma yana tara zafi, ita kuwa iyakarta digiri 55. Ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, cikin rufaffen akwati, ba wuya a kusanci wannan. A ɗaure bayanta a jikin farantin ƙarfe don ya janye zafi, a sa fanka mai matata, a nisanta ta daga rufi. Ita kanta Zebra ta san da wannan giɓi, shi ya sa ta fito da FXR90 mai kariyar IP65 da IP67. Eriyar AN480 ba ta da wannan matsalar, IP67 ce.

Idan aka ajiye ta kusa da R700 ta kamfanin Impinj na birnin Siyatil, wadda ta fito a 2020, R700 ta fi ta kaifin kunne, tana ji har 92 ƙasa da sifili, kuma ta fi ta ƙarfin ƙwaƙwalwa. Amma kafa huɗu gare ta sai an ƙara mata akwatin rarraba eriya, jikinta kuma bai fi na FX9600 jure ƙura ba. A cikin gidan ƙarfe ƙarin kaifin kunne ba kullum yake zama riba ba, sau da yawa ƙarin tsince-tsince ne da za a zo ana tacewa.

A kan bel ɗin haɗa kaya kuwa, inda faranti ke tsayawa a gaban inji, wani yana biye da shi santimita talatin a baya, tambayar ita ce wane ne a gabana yanzu, kuma amsa biyu daidai take da babu. A nan tsarin megahaz 13.56 mai bin ISO 15693, irin RF300 na Siemens ko na Balluff da Turck, shi ne gwani. Nisansa ƴan santimita ne, ba ya jin maƙwabci, kuma tamburansa suna ɗaukar bayanai masu yawa da ake rubutawa a kowace tasha. Ana iya tilasta wa FX9600 wannan aiki da ƙaramar eriya da ƙarfi kaɗan, sai dai an sayi babbar mota ne don kai ɗan saƙo.

Kafin a sa hannu a takardar saye, a nemi aron na'ura ɗaya da eriya huɗu na mako biyu. A samo tambura iri biyar, goma-goma, a maƙala su a jikin ainihin kiret da sassan da za a bi, cike da kayansu, ba fanko ba. Kowane iri a gwada shi a wuri uku a jikin kayan, a riƙa rage ƙarfi desibel ɗaya-ɗaya har ya daina amsawa, a rubuta inda ya tsaya. Wanda ya fi jurewa shi ne naka. Sannan a ba direban da zai riƙa aikin, ba injiniya ba, ya ratsa ƙofar sau ɗari da irin gudun da ya saba, da rana lokacin da injin walda ke aiki da ƙofar kwano a buɗe, da kuma dare tana rufe. A ƙirga abu biyu daban: sau nawa aka rasa wanda ya wuce, sau nawa aka rubuta wanda bai wuce ba. Idan mai sayarwa ya ce kashi 99 cikin ɗari, a buga lissafi a gabansa: masana'antar da ke motsa kiret 2,000 a yini za ta rasa ashirin kullum. Saboda waɗannan ashirin ɗin ne za a buga lambar zane, wato barcode, a fuskar kowane tambari, a rataye na'urar karanta ta a jikin ginshiƙin ƙofar, kusa da jar fitilar, inda hannun direba zai kai ba sai ya sauko ba.